Rudolf Diesel: Ɗan Badukun Da Ya Ƙago Injin Gas, Ya Mutu Da Bashi A Wuya

 A yau za mu leƙa rayuwar wani Bature ne wanda da yawa daga cikinmu muke ambaton sunansa kullum a kasuwa ba tare da mun san cewa sunan mutum ba ne.

Duk wanda ya taɓa cin kasuwa a ƙasar Damargu, ko a Tanut ne ko Belbeji ko ƙauyukan da ke bakin kwarin Tarka, ya san ƙarar injin niƙa da jerin kwanukan gero da mata ke ajiyewa a gabansa, ya kuma san manyan motocin da ke lodin hatsi da dabbobi a kan hanyar Damagaram zuwa Agadas. Ya san yadda kasuwa take dagulewa ranar da aka ce inji ya buga. Mai inji zai ci bashi ya sayo ringi da fistin, bakanike ya kwance shi ɗai-ɗai ya yi masa garambawul, sannan ranar da za a tayar da shi karon farko kowa ya yi cirko-cirko, domin a wannan murɗawar ce za a san ko kuɗin sun yi rana ko sun bi ruwa. To, mutumin da ya fara tsayawa a gaban irin wannan inji yana jiran ya ga ko zai tashi shi ne Rudolf Diesel. Daga sunansa aka samo kalmar dizal, wato man da a Najeriya ake ce wa gas, a Nijar kuma gazuwal.

An haifi Rudolf Diesel ne a birnin Paris na ƙasar Faransa ranar 18 ga Maris, 1858. Iyayensa Jamusawa ne da neman abinci ya kai su can. Mahaifinsa Theodor mutumin garin Augsburg ne, sana'arsa ɗinkin littattafai da dukanci, yana yin jakunkuna da sauran kayan fata, mahaifiyarsa kuwa Elise 'yar wani ɗan kasuwa ce daga Nuremberg. Gidan ba mai wadata ba ne, saboda haka tun yana ƙarami yake taya mahaifinsa aiki a shago, yana kuma tura baro yana kai wa masu saye kayansu.

A shekarar 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa, aka tilasta wa Jamusawan da ke Paris barin ƙasar. Iyalin suka yi gudun hijira zuwa Landan ba su da komai. Da abin ya yi tsanani sai aka tura yaron, yana ɗan shekara 12, zuwa Augsburg wajen dangin mahaifinsa, inda wani malamin lissafi mai suna Christoph Barnickel da matarsa suka riƙe shi suka sa shi makaranta. Yana shekara 14 ya rubuta wa iyayensa wasiƙa cewa shi injiniya yake son zama. Su kuwa so suke ya kama aiki ya taimaki gida, amma da ya samu tallafin karatu a 1875 sai ya wuce babbar makarantar koyon fasaha ta birnin Munich. Zazzaɓin taifod ya hana shi rubuta jarrabawa tare da 'yan ajinsu a 1879, sai a Janairun 1880 ya gama, kuma da sakamako mafi daraja.

A wannan makaranta ne ya haɗu da malaminsa Carl von Linde, gwanin injin ƙanƙara, wanda ya ɗauke shi aiki a kamfaninsa na Paris. Masu sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi sai su sani cewa Diesel nasu ne, domin fiye da shekara goma ya yi yana harkar injin sanyi kafin a san shi da wani abu dabam. Ya auri Martha Flasche a 1883, suka haifi 'ya'ya uku.

Abin da ya hana shi barci

A wancan zamani injin tururi ne sarkin injuna, shi ke jan jirgin ƙasa da na ruwa, shi ke juya masaƙu. Sai dai ɓarnarsa ta yi yawa. Idan aka ƙona buhu goma na kwal, da ƙyar ƙarfin buhu ɗaya yake zama aiki, sauran tara duk sun tafi a hayaƙi da zafi. Mai karatu ya kwatanta da 'yar kasuwar da za ta sayo mudu goma na gyaɗa amma man mudu ɗaya kaɗai take samu. Bugu da ƙari, injin tururi sai mai babban jari, domin yana buƙatar ƙatuwar tukunya da masu hura wuta da fili mai faɗi. Wannan ya sa manyan masana'antu suka riƙa kashe kasuwar ƙananan masu sana'a irin mahaifinsa. Burin Diesel shi ne ya yi injin da ba ya ɓarnar mai, wanda maƙeri ko kafinta ko baduku zai iya sawa a shagonsa ya yi gogayya da manya.

Dabarar da ya dogara a kanta kowa ya taɓa ganinta. Idan mutum yana ba tayar keke iska da famfo, zai ji gindin famfon ya yi zafi, domin iska idan aka matse ta zafi take yi. Diesel ya ce, to me zai hana a matse iska zalla a cikin silinda har ta yi zafin da ya wuce digiri 500, sannan a fesa mai a cikinta ya kama da kansa? Wannan shi ne bambancin injin gas da na fetur har gobe. Na fetur sai da fulogi mai ba da tartsatsi, na gas kuwa ba ruwansa da fulogi, matsi ne wutarsa. Shi ya sa idan ringi ya cinye, iska na zurarewa, injin gas yake ƙin tashi da sanyin safiya, kuma shi ya sa bakanike ke fara duba matsin silinda kafin komai.

Ranar 23 ga Fabrairu, 1893 gwamnatin Jamus ta ba shi takardar shaidar mallakar wannan ƙirƙira, kuma a shekarar ya fitar da littafin da ya bayyana lissafinsa. Masana da dama sun yi masa dariya, suka ce babu ƙarfen da zai jure irin matsin da yake magana. Ba su yi ƙarya duka ba, kamar yadda za mu gani. Amma ya yi sa'a shugaban wani kamfanin ƙera injuna na Augsburg, Heinrich von Buz, ya yarda ya ba shi wuri da ma'aikata, kamfanin Krupp mai ƙarafa kuma ya zuba kuɗi. Wannan kamfani na Augsburg shi ne daga baya ya zama MAN, wanda direbobinmu suka sani a goshin tireloli.

Ranar da aka fara tayar da shi

Injin farko silinda ɗaya gare shi, dogo ne a tsaye kamar turmin ƙarfe, da ƙatuwar tayar ƙarfe a gefe. Tunda ba ya iya juya kansa, sai aka ɗaura masa bel daga injin masana'antar yana jan sa. Ranar 10 ga Agusta, 1893, Diesel da abokin aikinsa Lucian Vogel suka tsaya, aka juya injin har iska ta matsu, sannan aka fesa ɗan fetur. Nan take aka ji ƙara kamar ta igwa. Na'urar auna matsi da ke saman injin ta tarwatse, gutsattsarinta suka wuce ta gefen kawunansu. Allah Ya kiyaye babu wanda ya mutu, kuma jikin injin bai fashe ba.

Wani da ya ga haka sai ya tattara kayansa. Shi kuwa Diesel farin ciki ya yi, domin fashewar ta nuna masa cewa mai yana kamawa da matsi kaɗai ba tare da wuta ba. Sai dai injin bai yi juyi ko ɗaya da ƙarfin kansa ba. Ya yi ta tari da baƙin hayaƙi, iska na tserewa ta bawul da gefen fistin, har aka haƙura aka tsayar da gwaji.

Daga nan aka shiga aikin da duk bakanike ya sani, wato kwancewa da sake haɗawa. Watanni aka yi ana sake fistin da bawul da kan silinda. Babbar matsalar ita ce yadda za a tura mai cikin iskar da ta riga ta matsu, domin ba a da famfon da zai iya, sai daga ƙarshe ya koma hura man ciki da wata iskar da ta fi ta cikin silindar ƙarfi. A farkon 1894 aka koma gwaji da injin da aka sake ginawa.

Ranar 17 ga Fabrairu, 1894 abin da ake jira ya faru, kuma ya faru ne shiru ba tare da wani biki ba. Wani ma'aikaci mai suna Linder yana tsaye a kan dakalin katako a saman injin yana kula da zubar mai, sai ya lura cewa bel ɗin da ke jan injin ya sauya, ɓangaren da yake a ɗame ya saki, wanda yake a sake ya ɗame. Ma'ana injin ya daina jiran a ja shi, shi ne ma yake jan bel ɗin. Linder bai ce uffan ba, hularsa kawai ya cire ya ɗaga, Diesel ya gane, ya kama hannunsa ya riƙe. Minti ɗaya injin ya yi yana aiki, ya yi juyi 88, sannan ya tsaya.

Daga wannan minti ɗaya zuwa injin da za a iya kira inji, sai da aka ƙara shekara uku. A cikinsu Diesel ya zubar da yawancin abin da ya rubuta a littafinsa. Da ya ce za a matse iska har ta ninka matsin iskar duniya sau 250, amma injin da ya yi aiki bai kai sau 40 ba. Da ya ce ba a buƙatar ruwan sanyaya inji, sai ga shi dole aka sa. Ya yi tunanin amfani da garin kwal, a ƙarshe da kananzir aka yi nasara. Ranar 17 ga Fabrairu, 1897 Farfesa Moritz Schröter na Munich ya yi wa inji na uku gwaji a hukumance, ya samu yana ba da ƙarfin doki kusan 18, kuma yana mayar da kashi 26 cikin 100 na ƙarfin mansa aiki. Wannan ya ninka na injin tururi fiye da sau biyu, kuma babu injin da ya taɓa kaiwa haka a duniya a lokacin.

Arziki da abin da ya biyo baya

Kafin a ce haka, attajirai sun yi masa ca. Adolphus Busch, wani mai kamfanin giya a Amurka, ya biya mak miliyan ɗaya, kuɗin Jamus na lokacin, domin ya samu izinin ƙera injin a ƙasarsa. Emanuel Nobel mai rijiyoyin mai a Rasha ya saya, kamfanoni a Denmak da Beljiyam da Birtaniya su ma suka saya. Cikin shekara biyu ɗan baduku ya zama miloniya.

A ganinmu a nan ne ya yi kuskuren da kowane ɗan kasuwa zai gane, wato ya kai kaya kasuwa tun ba su nuna ba. Injin da ke aiki lafiya a hannun ƙwararrun Augsburg sai ya riƙa lalacewa a hannun masu saye, aka yi ta dawo da injuna ana neman a biya diyya. Masana'antar da aka kafa da sunansa a Augsburg a 1898 ta durƙushe. Masu hamayya kuma, irin su Emil Capitaine, suka maka shi a kotu, wasu suna cewa injin da ke aiki dabam yake da wanda aka ba shi takarda a kai, don haka ba shi kaɗai ke da shi ba. Maganar gaskiya akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin injiniyoyin kamfanin Augsburg, musamman Imanuel Lauster, sun yi aikin da ba a cika ambatonsa ba, kuma su ne suka yi ta gyara har injin ya zama abin dogaro. Amma ba don naci irin na Diesel ba da babu abin da za su gyara.

Wahala ta kwantar da shi a ƙarshen 1898, ga ciwon kai mai tsanani, daga baya ga ciwon gaɓoɓi. Kuɗin da ya tara kuma bai bar su a sana'ar da ya sani ba. Ya gina katafaren gida a Munich, ya zuba dukiya a cinikin filaye da haƙar mai a yankin Galisiya, duk suka cinye shi. Mutumin da ya iya lissafin zafin da ke cikin silinda ya kasa lissafin aljihunsa. A 1903 ya rubuta littafi kan yadda ma'aikata za su haɗa ɗan abin da suke da shi su kafa masana'antu nasu na kansu, kusan irin adashen da matanmu ke yi amma babba, sai dai ƙalilan ne suka saya.

Maganar man gyaɗa

Akwai wani ɓangare na tarihin nan da ya shafe mu kai tsaye. A babban bajekolin duniya da aka yi a Paris a 1900, inda injin ya ci babbar lambar yabo, an nuna wani ƙaramin injin dizal yana aiki da man gyaɗa zalla, kuma ya yi aiki lafiya har yawancin 'yan kallo ba su lura ba. Ana yawan cewa Diesel ya ƙera injinsa ne domin man gyaɗa, wannan kuwa ba haka ba ne. Kamfanin Otto na Faransa ne ya yi gwajin bisa buƙatar gwamnatin Faransa, shi Diesel daga baya ne ya riƙa ba da labarin yana yaba abin a jawabansa na 1912.

Me ya sa Faransa ta damu da gyaɗa? Domin a daidai lokacin take mamaye ƙasashenmu. A 1899 sojojinta suka kama Damagaram, kuma a ƙarshen shekarar ayarin Foureau da Lamy ya gangaro daga Agadas da raƙuma, ya ratsa Damargu ya isa Zinder. Lissafinsu shi ne, ƙasar da ke noma gyaɗa za ta iya ba injuna mai daga gonarta, ba sai an yi dakon kwal ko kananzir daga Turai ba. Hakan bai yiwu ba saboda man ƙasa ya fi araha. Gyaɗar tamu sai ta bi wata hanyar, domin da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, ita aka riƙa lodawa zuwa Turai ana yin sabulu da man girki, cinikin da ya ɗaga attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, ya kuma haifar da dalar gyaɗa.

Ƙarshensa a teku

A shekarunsa na ƙarshe ya ga injinsa ya ci duniya. A 1912 jirgin ruwan Selandia na ƙasar Denmak ya tashi daga Kopenhagen har Bankok da injin dizal, babu tukunyar tururi, babu masu zuba kwal. Sojojin ruwa na Turai suna sa shi a jiragen ƙarƙashin teku. Amma wa'adin takardun mallakarsa ya riga ya ƙare, bashi kuma ya yi masa katutu, kuma ko iyalinsa bai gaya wa ba.

Ranar 29 ga Satumba, 1913 ya shiga jirgin ruwa mai suna Dresden daga Antwerp ta Beljiyam zuwa Ingila domin halartar taron wani kamfanin injuna. Ya ci abincin dare da abokan tafiyarsa biyu, wajen ƙarfe 10 ya yi musu sallama, ya bar saƙo a tashe shi da ƙarfe 6:15 na safe. Da gari ya waye aka tarar ba a kwanta a gadonsa ba, hularsa da kwat ɗinsa kuma suna ajiye a ninke kusa da dogarin bayan jirgin. Bayan kwana goma ma'aikatan wani ƙaramin jirgin Holan suka ga gawa a ruwa, suka cire abin da ke aljihunta suka mayar da ita teku, ɗansa Eugen ya tabbatar kayan na mahaifinsa ne. Shekarunsa 55. Matarsa ta buɗe wata jaka da ya bar mata, ta samu mak 20,000 da takardun da ke nuna asusunsa ya kusa zama wayam. Mafi yawan masana tarihi sun tafi a kan cewa shi ya jefa kansa, wasu kuma suka yi zargin kashe shi aka yi saboda ana gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma ba a taɓa kawo hujjar hakan ba.

Har ya mutu bai ga injinsa a shagon ƙaramin mai sana'a ba, domin na'urar hura mai da iska ta sa injin ya yi girma da tsada, sai masana'antu da jiragen ruwa. A 1923 da 1924 ne kamfanonin Benz da MAN suka fitar da manyan motoci masu injin dizal, a 1927 kuma kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon da ke fesa mai kai tsaye ta nozil, wanda ya ba da damar ƙanƙanta injin. Wajen 1930 kamfanin Lister na Ingila ya fito da injinsa mai silinda ɗaya mai juyi a hankali, wanda ya yi ta ƙerawa har 1987, kuma masana'antun garin Rajkot na Indiya suna ci gaba da yin irinsa. Da irin waɗannan, da kuma na China da suka biyo baya, injin ya iso wurin masu niƙa da masu markaɗe da masu ban ruwa. Sai dai mata masu jiran niƙa su riƙa tsayawa nesa da bututun hayaƙi, domin a 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke haddasa ciwon dajin huhu.

Injin da aka gwada a 1897 yana ajiye a babban gidan tarihin kimiyya na Munich, na farkon kuma da ya yi juyi 88 yana gidan tarihin kamfanin MAN a Augsburg. Man da ke ɗauke da sunan Diesel kuwa an fara tace shi a cikin ƙasar Damargu a Nuwamban 2011, lokacin da aka buɗe matatar SORAZ a gundumar Ollelewa ta yankin Tanut, wadda aka gina domin tace ganga 20,000 a rana na ɗanyen man da bututu ke kawowa daga Agadem.